Idan Bature Ya Ce “I’m Afraid”, Ba Lallai Ne Tsoro Yake Ji Ba

Wani tsohon ɗalibina ya same ni bayan la'asar a ƙofar gida, waya a hannu, ransa a jagule. Ya samu gurbin karatun digiri na biyu a wata jami'a a Ingila, kuɗin makaranta ba su gama haɗuwa ba, sai ya rubuta yana roƙon a ƙara masa mako biyu. Amsar da ta dawo gajeriya ce, ga kuma yadda ta fara: “I’m afraid we cannot extend the deadline.”

“Malam, ka gani ko?” in ji shi. “Matar nan tana so ta taimake ni, tsoro ne ya hana ta. Na san shugabanta take tsoro. Ko in nemo adireshinsa in rubuta masa da kaina?”

Na ce masa ya ajiye wannan shawara. Matar ba ta tsoron kowa. Da Bahaushiya ce a bayan kanta a Kano, abin da za ta ce shi ne: “Wallahi sai dai ka yi haƙuri, ba za a ƙara ba.” Ƙofa ta rufe masa, sai dai ta ja ta a hankali don kada ta datse masa yatsa.

Ban ga laifinsa ba. Tun muna firamare aka ce mana “afraid” tsoro ne, aka haɗa mana da hoton yaro yana gudu kare na bin sa, daga nan ba a sake komawa kan kalmar ba. Alhali tana da aiki biyu, kuma wanda ba a koya mana ba shi ne wanda mutum zai fi cin karo da shi a ofis, a asibiti, a tashar jirgi da cikin wasiƙa.

Daga ina ta fito

Kalmar baƙuwa ce a Ingilishi. Ta hanyar Faransanci ta shigo, bayan mutanen Nomandi sun ci Ingila da yaƙi a 1066, harshensu ya zama na fada da kotu. A da akwai aikatau “affray”, ma'anarsa a ta da hankalin mutum, a raba shi da zaman lafiya. Wanda aka yi wa haka shi ne “affrayed”, da tafiya ta yi tafiya rubutun ya koma “afraid”. Masu karatu a Maraɗi da Damagaram sun san ɗan uwanta na Faransanci, “effrayer”, wato tsoratarwa. Aikatau ɗin ya mutu a bakin mutane, amma “affray” ta maƙale a harshen shari'a: a dokar zaman lafiyar jama'a ta Ingila ta 1986 sunan laifi ne, na faɗa ko barazana irin wadda za ta firgita wanda ke wurin. Ingilishi yana da tasa kalmar ta gado, “afeard”, wadda har zamanin Shakespeare ana faɗin ta, daga baya baƙuwa ta ture 'yar gida. Shi kuwa amfani da “I’m afraid” don ba da haƙuri, tun ƙarshen ƙarni na 16 ake ganin sa a rubuce. Ya haura shekara 400 ke nan, ba yayin ma'aikatan zamani ba ne.

Ba don ado na kawo tarihin ba. Tunda asalin kalmar “wanda aka tayar wa hankali” ne, sifa ce, ba aikatau ba, ba suna ba. A nan Bahaushe yake fara tuntuɓe, domin a wurinmu tsoro suna ne. Muna jin sa, yana kama mu, muna ba wani. Sai mu kwashi wannan gini mu kai Turanci, mu ce “I afraid”, ko “I am fearing”, ko “fear is catching me”. Wanda ya fara da Faransanci kuwa yakan ce “I have afraid”, saboda a can tsoro abu ne da ake da shi. Duk babu daidai. Dole sai da aikatau irin su “am”, “is”, “are”, “was” ko “were” a gabanta: “I am afraid”, “she was afraid”. Kada kuma a yar da “I” ɗin a rubuta “am afraid” kawai, kamar yadda ya zama ruwan dare a saƙonnin waya. Tsakanin abokai babu komai, amma a wasiƙar neman aiki yana zubar da mutum.

Wani abu kuma, ba ta zama a gaban suna. Ba a cewa “an afraid boy”, sai dai “a frightened boy” ko “a scared boy”. Halin danginta ne, su “asleep”, “alive”, “alone” da “awake”. Za ka ce yaron “is asleep”, amma in za ka sa sifa a gabansa sai ka nemo “sleeping”.

Tsoro na gaskiya da 'yan rakiyarsa

Idan tsoro ake nufi da gaske, ƙaramar kalmar da ta biyo baya ita ke faɗin irinsa.

Mafi sauƙi “of”, sannan abin da ake tsoro: “Amina is afraid of snakes.” Amina tana tsoron macizai. Waɗanda suka fara da Larabci, ko suka daɗe a Sudan ko Saudiyya, su kula, domin “min” ɗin Larabci tana jan su su ce “afraid from”, Turanci kuma bai san da wannan ba. Idan aikatau ne ya biyo bayan “of”, tilas ya ɗauki “ing” a ƙarshe: “afraid of failing”, ba “afraid of fail” ba.

Inda ake shan wahala shi ne tsakanin “afraid to” da “afraid of” mai “ing”. Littattafan nahawu sukan cika shafi a kan wannan, amma Hausa ta riga ta raba gardamar da kalma ɗaya, “kada”. Muna cewa ina tsoron in hau, muna kuma cewa ina tsoron kada in faɗo. Hawa abu ne da zan yi da gangan, tsoro ya hana ni. Faɗowa kuwa ba ni zan zaɓa ba, samuna za ta yi. To, na farko shi ne “afraid to”, na biyu “afraid of”: “He is afraid to climb the tree because he is afraid of falling.” Duk inda Hausarka ta kawo “kada”, sa “of” da “ing”. Ɗalibin da ya rubuta “I am afraid to fail the exam” za a gane shi, amma kunnen mai harshe zai ji kamar faɗuwar wani aiki ne da yake shirin yi sai ya ja da baya. Akwai wuraren da duka biyun suke shiga, kamar “afraid to fly” da “afraid of flying” ga mai tsoron jirgin sama, don haka kada a mai da ƙa'idar farilla. Amma ga abin da ke afka wa mutum ba da sonsa ba, “of” ce.

Sai “for”, wadda kuskure a kanta kan juya magana baki ɗaya. “I am afraid of my son” ma'anarsa ina tsoron ɗana, wato shi ne abin tsoron. “I am afraid for my son” kuwa ina jiye masa tsoro, kada wani abu ya same shi. Uwar da ke yi wa likita ko lauya bayani a ƙasar waje, ta sa “of” a gurbin “for”, ta mai da ɗanta abin zargi ba ta sani ba. Haka ake cewa “afraid for my life” ko “afraid for my job”, idan rai ko aiki ne ke cikin haɗari.

Ta ƙarshe ita ce “that”, wadda ake iya faɗa, ake iya bari, sannan cikakkiyar jimla ta biyo baya. A nan hanya ta rabu biyu. “I’m afraid the river will flood this year” fargaba ce ta manomin da gonarsa ke bakin kogi. “I’m afraid the manager has gone out” kuwa ba fargabar komai, sakatare ne ke ba ka haƙuri. Gini ɗaya, ma'ana daban.

Yadda ake gane wanne ake nufi

Ni tambaya biyu nake yi wa jimlar, kuma da wuya su ba ni kunya.

Ta farko: mai maganar ya riga ya san abin, ko bai sani ba? Tsoro da rashin tabbas suke tafiya. Ba a fargabar abin da ya riga ya tabbata. Sakataren ya ga fitar manaja da idonsa, mai sayar da tikiti ya san kujeru sun ƙare, matar jami'a ta san dokar ofishinsu. Idan mutum ya ce “I’m afraid” a kan abin da ya sani sarai, haƙuri yake bayarwa.

Ta biyu: wa abin zai yi wa ciwo, mai faɗa ko mai ji? In mai ji ne, ban haƙuri ne. Mai tikiti ba abin da ya yi masa zafi don kujera ta ƙare, kai ne za ka kwana a tasha.

Akwai wasu alamu na gefe. Ma'anar ban haƙuri ta mai magana ce kaɗai, wato “I” ko “we”. Da ka ce “he is afraid the shop is closed”, ka koma cewa yana zullumin kada ya tarar an rufe, sai fa idan maganar wani kake maimaitawa. Korewa ma tana kashe ta: “I’m not afraid” ba ta taɓa zama ladabi, bugun ƙirji ne. “I’m very afraid” ita ma tsoro ce tsantsa, ko da yake a tsofaffin wasiƙu za ka ga “I am very much afraid that” a matsayin ban haƙuri mai nauyi. Sai wata guda da ta saɓa wa ƙa'ida, “I’m afraid to say”, wadda mutanen Birtaniya da dama ke faɗa suna nufin “I’m sorry to say”. Ka gane ta in ka ji, amma ban ba ka shawarar rubuta ta ba, domin akwai masu ganin ta gurguwa.

Wani lokaci ma'anonin biyu sukan cakuɗe, kamar wanda ya dubi hadari ya ce wa masu shirin biki “I’m afraid it might rain”. Da zullumi a ciki, da ban haƙuri. Ba sai ka raba ba.

Wanda yake son ganin fuskokin biyu a wuri guda ya nemi fim ɗin Stanley Kubrick na 1968, 2001: A Space Odyssey. A ciki akwai kwamfuta mai magana, HAL 9000, da ke tafiyar da kumbon sama jannati. Lokacin da ta ƙi buɗe wa ɗan sama jannatin ƙofa, da “I’m afraid” ta sanar da shi, cikin tattausar murya, alhali hallaka shi take nufi. Can gaba, da ya samu shiga yana zare mata ƙwaƙwalwa ɗaya bayan ɗaya, ta sake faɗin kalmomin nan, wannan karon babu jimlar da ta biyo baya, kuma tsoron mutuwa take nufi. Wanda bai san bambancin ba, rabin daɗin fim ɗin ya wuce shi.

Yadda za ka yi amfani da ita

Ka ɗauke ta a matsayin “sai dai haƙuri”, ka sa ta duk inda za ka faɗa wa mutum abin da ba ya so ya ji. Ƙin biyan buƙata: “I’m afraid I can’t come on Friday.” Labari maras daɗi: “I’m afraid the flight has been cancelled.” Amsa gazawarka: “I’m afraid I don’t know”, ko “I’m afraid I’ve forgotten your name”, wadda ta fi a tsaya ana kame-kame. Sai saɓani da gyara, inda na fi ganin amfaninta. A taro, idan ka ce wa wanda ya girme ka “you are wrong”, ka mare shi a gaban jama'a. “I’m afraid I don’t agree” ko “I’m afraid that figure is not correct” tana isar da saƙon nan ɗin, mutuncinsa kuma yana nan. Masana harshe Penelope Brown da Stephen Levinson, a littafinsu na 1987 kan ladabin magana, sun gina bayaninsu ne a kan yadda mutane ke kare fuskar juna idan za su faɗi abu mai nauyi. Mu da muka tashi da kara da kunya ba sai an yi mana dogon sharhi ba. Wurin ajiye kalmar kawai muke buƙatar sani.

Wurin kuwa biyu ne. Ko a farkon jimla, ko a ƙarshe bayan waƙafi: “The office is closed, I’m afraid.” Ta farkon tana shirya mai ji kafin dukan ya sauka. Ta ƙarshen kamar shafa wurin ne bayan ya sauka, kuma an fi jin ta a magana ta baki.

Gajerun amsoshi biyu sun cancanci a haddace su. “I’m afraid so”, wato e, sai haƙuri. “I’m afraid not”, wato a'a, sai haƙuri. An tambaye ka “Is the bank closed?”, an kuwa rufe, ka ce “I’m afraid so.” An tambaye ka “Is there any seat left?”, babu, ka ce “I’m afraid not.” Ba a cewa “I’m afraid yes” ko “I’m afraid no”. A lura kuma da mazaunin “not”: a ƙarshe ban haƙuri ce, a tsakiya jarumta. Na taɓa jin wani ya so ya ce babu sauran wuri, ya ce “I’m not afraid”, mai tambayar ya yi sororo.

Waɗannan amsoshi suna da wata fa'ida ta musamman ga Bahaushe. In aka ce mana “Ba zai zo ba?”, mukan ce “E, ba zai zo ba”, muna gaskata mai tambaya. Bature kuwa “no” yake cewa a nan. Sau da yawa namu yakan ce “yes” yana nufin mutumin ba zai zo ba, Bature ya ji cewa zai zo, a yi ta jira. “Isn’t he coming?” ka ce “I’m afraid not”, magana ta mutu, babu ruɗani.

Sharaɗi ɗaya dai: amsar ta zama maras daɗi ga mai tambaya. Ɗalibi ya ce “Did I pass?”, ka ce “I’m afraid so”, ka yi barkwanci ke nan, ko ka sani ko ba ka sani ba.

Ga furuci. Gaɓa biyu ce, nauyin yana kan ta biyu, wasalin farko kuma gajere ne ƙwarai har yakan ɓace, shi ya sa a hira za ka ji “fraid so” da “fraid not”. Harafin “f” na Turanci da haƙoran sama a kan leɓen ƙasa ake yin sa, saɓanin namu da ake yi da leɓɓa biyu, wanda kan fito wa Bature kamar “p”. Kada kuma a cusa wasali tsakanin “f” da “r”.

In kai aka faɗa wa

A nan ɗalibina ya so ya yi ɓarna ta biyu. A kasuwa, “sai dai haƙuri” ba ta cika zama ƙarshen ciniki ba, ana iya ƙara taya, a haɗa da Allah da Annabi, har mai kaya ya sallama. Taushin “I’m afraid” yakan yaudari namu ya zaci akwai irin wannan ƙofa. Yawanci babu. Sau da yawa ma an sa taushin ne saboda hukuncin ba ya motsi. Mai gadi da ya ce “I’m afraid I’ll have to ask you to leave” ba shawara yake nema ba, kora ce cikin ladabi, mataki na gaba kuma ba ladabi a cikinsa.

Don haka kada ka maimaita roƙon da aka riga aka ƙi, kuma don Allah kada ka amsa da “don’t be afraid”, domin dariya za a yi maka a ciki. Ka karɓa, ka yi godiya, ka tambayi wata hanya. Abin da na sa ɗalibin ya rubuta ke nan: “I understand, thank you. Is it possible to pay in instalments, or to defer my place?” Bai sake neman ƙarin lokaci ba, ya tambaya ko ana biya kashi-kashi ko ana ɗage gurbi zuwa baɗi. Wannan tambaya ce sabuwa, tana da damar samun amsa sabuwa.

Idan kuma dama ka yi zaton labarin, akwai abin faɗa: “I was afraid of that”, ko “I was afraid you would say that.” Dama abin da nake gudu ke nan.

A asibiti kalmar tana da nauyi na daban. Ana koya wa likitoci kada su jefa wa majiyyaci mummunan labari kwatsam, su fara da 'yar jimlar gargaɗi, su ɗan dakata, sannan su faɗa. Robert Buckman, likitan cutar daji ɗan Birtaniya da ya yi aiki a Kanada, yana cikin waɗanda suka yi fice wajen koyar da wannan, da littafinsa na 1992 kan yadda ake sanar da mummunan labari. A Birtaniya jimlar gargaɗin sau da yawa ita ce “I’m afraid I have some bad news”, ko “I’m afraid the results are not what we hoped for.” Likitocinmu masu zuwa Manchester zana kashi na biyu na jarrabawar PLAB sun san wannan, domin sanar da irin wannan labari yana cikin abin da ake gwada su a kai. Mai jinya kuwa, in ya ji likita ya fara da haka, ya gyara zama. Irin “sai dai mu yi haƙuri” ce da dattijo kan fara da ita kafin ya faɗi rasuwa.

'Yan uwanta, da inda ba sa shiga

Wajen tsoro na gaskiya, “scared” da “frightened” suna iya maye gurbinta, “scared” ta fi zama ta hira, “terrified” kuma razana ce mai tsanani. Amma ko ɗaya ba ta yin aikin ban haƙuri. Sakataren da ya ce “I’m scared the manager has gone out” za a zaci wani abu ya faru da manajan. Damuwa da ke cin rai a hankali “worried about” ce. Ɗar-ɗar na gaban jarrabawa ko ganawar neman aiki “nervous”. A wasiƙar hukuma, idan kana so ka nuna damuwa ba tare da ka nuna rauni ba, “concerned” ta fi dacewa.

Tsoron Allah ba a faɗin sa da “afraid”. “Fear God” ake cewa, mai tsoron Allah kuma “God-fearing”. In ka ce mutum “is afraid of God”, ka siffanta shi kamar mai laifi da ke ɓuya, ba mai taƙawa ba.

“I fear” tana iya ɗaukar ma'anar ban haƙuri, amma tana da ƙanshin tsohon littafi da zauren majalisa. A rubutun hukuma mai nauyi, “unfortunately” da “we regret to inform you” sun fi yawa. Amurkawa sun san “I’m afraid” sarai, suna kuma faɗa, sai dai ba kamar mutanen Birtaniya ba, bakinsu ya fi saurin zuwa ga “unfortunately” ko “I’m sorry”. 'Yan uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi da suka yi boko da Faransanci sun fi mu sauƙin gane wannan duka, tunda “je crains que” da “j’ai bien peur que” irin aikin nan suke yi.

Akwai inda ba na son ta ko kaɗan, wato inda ake fakewa da ita. Ma'aikaci ya ɓatar maka da takarda, sai ya ce “I’m afraid the file is missing”, kamar takardar ce ta yi ƙafa ta fita. “I’m afraid” tana nuna ba ka ji daɗin labarin ba, amma ba ta ɗaukar laifi. In kai ka yi ɓarnar, faɗi “I’m sorry, I lost the file.” Haka wajen ta'aziyya, ba ta da gurbi, “I’m sorry for your loss” ake cewa. Kuma sau ɗaya ta isa a wasiƙa. Na ga takardar da aka jera ta sau huɗu a sakin layi biyu, mai karatu ya rasa ko haƙuri ake ba shi ko zolayarsa ake yi.

Mai son hannunsa ya faɗa, ga abin da nake sa ɗalibaina. Cikin mako guda, duk lokacin da ka ji kanka ka ce wa wani “sai dai haƙuri”, ko “gaskiya da wuya”, ko “wallahi babu”, ka rubuta, da dare ka mayar da ita Turanci da “I’m afraid”. Sannan ka kasa kunne a hirarrakin rediyo na Turanci, musamman ƙarshen hira, inda mai gabatarwa kan katse baƙonsa da cewa lokaci ya ƙare, da wannan kalma a gaba ko a baya. Masu shirin jarrabawar IELTS kuma, a ɓangaren sauraro, da kun ji ta ku ɗaga alƙalami: ranar ko farashin da aka ambata da farko ana dab da soke shi, amsar tana gaba.

Roƙona na ƙarshe ga abokan aiki masu fassara, a gidajen rediyo da jaridu da masu juya finafinai. Sau da yawa nakan ji an ce wani minista ko kocin ƙwallo “ya ce yana jin tsoro” ba zai iya yin kaza ba, in koma ga Turancin in tarar mutumin haƙuri kawai ya bayar. Mai sauraro a ƙauye ya tafi da labarin cewa babban mutum ya tsorata, alhali ba a yi haka ba. Kafin ku rubuta “tsoro”, ku duba ko mai maganar ya riga ya san abin da yake faɗa, da kuma wanda abin zai yi wa ciwo. In haƙuri ya bayar, ku rubuta “sai dai haƙuri” ko “abin takaici”.